Tonon Cikin Ɓaure

A kudancin Damagaram, cikin ƙasar Korama inda ake cimma ruwa tun igiyar guga ba ta ƙare ba, akwai wata garka da wasu ƴan'uwa biyu suka gada daga mahaifinsu. Ƙanen shi ne manomi, shi ke dashen rake da tattasai da albasa, shi ke wuni a bakin rijiya rani da damina. Wan kuwa malamin lakwal ne da ya riƙe alli shekara 38, daga 1977 zuwa 2015, har ya zamana babu mai kiransa da wani suna a garin in ba Mushe ba. A kusurwar gabas ta garkar akwai wani tsohon ɓaure wanda mutum uku ba su iya rungume gindinsa, kuma babu mai rai da zai ce ga wanda ya shuka shi. Wannan itace ne ya so ya raba kan ƴan'uwan a bazarar 2023, shi ne kuma ya mayar da Mushe ɗalibi bayan furfura ta gama rufe masa kai.

Ƙanen ne ya kawo maganar, kuma hujjarsa ba ta banza ba ce. Inuwar ɓauren ta cinye wani babban yanki na garkar, duk abin da aka dasa ƙarƙashinta sai ya yi tsawo, ya yi fari, ya ƙi ƴaƴa. Tsuntsaye na sauka da rana, jemagu da dare, yaran gari kuma na tsallake shinge suna tattake fangali. Ga iyali sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Daɗin daɗawa, wani masassaƙi ya taya gungumen da kuɗin da za su rage nauyin sayen taki. Da ƙanen ya gama jero waɗannan dalilai, Mushe bai ko ɗaga kai daga rediyonsa ba, ya ce: « In ka samu takardar ma'aikatan gandun daji, ka sare shi. Me ake da ɓaure in ba abincin birai da jemagu ba? »

Ba a ranar wannan raini ya tsira ba, yana da dogon tarihi. Kakarsa da ta rene shi tana cikin matan da ba su barin ɓaure ya lalace. In ya nuna, takan fita da sanyin safiya kafin awaki su riga ta, ta tsince masu kyau cikin ƙwarya, ta tsaga wasu ta shanya bisa tabarma, ta adana su a tukunya saboda watannin da rumbu ke nuna gindinsa. Yaron da cikinsa ya ɗaure, ɓaure take ba shi ta ce ya bi da ruwa mai yawa. In jikan ya buɗe ƙwaya ya ga ƙananan ƙwari na motsi ya yamutsa fuska, sai ta yi dariya ta ce: « Haba maigidana, ai mai cin ɓaure ba ya tonon cikinsa. »

Da aka ɗauke shi lakwal, ya tarar da wata duniya inda ake rataya wa yaro sambol a wuya in Hausa ta kuɓuce daga bakinsa. A littafin karatu akwai hoton wani ɗan itace mai kamar ƙaramin tulu, an rubuta « figue » a ƙarƙashinsa, jere da tufa da inabi, ƴaƴan itatuwan ƙasashe masu nisa. A makarantar allo kuma, bayan magariba, ya haddace sura ta 95, Suratut Tin, wadda Ubangiji ya buɗe da rantsuwa da tin da zaitun. Kalmomi uku ke nan, figue da tin da ɓaure, kowace da ɗakinta cikin kansa: ta farko ta jarrabawa, ta biyu ta salla, ta uku ta yunwa. Ko da yake ya sha jin masu tafsiri suna fassara tin da ɓaure a watan azumi, bai taɓa kawo wa ransa cewa ana nufin dangin itacen nan da awaki ke kiwo a gindinsa ba.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru a 1984, shekarar farin da jama'a suka laƙaba wa El-Buhari. A lokacin yana koyarwa a wani ƙauye na bakin Gulbin Kaba, ajinsa na raguwa kullum saboda iyalai na ƙaura neman abinci. Wata safiya ya hangi wani yaro a layin baya yana tauna abu a ɓoye. Ya kira shi gaban aji, ya sa ya zazzage aljihunsa bisa tebur. Ɓaure ne, wasu ma ba su gama nuna ba. Ya sa aka zubar a bola, ya yi wa ajin dogon jawabi a kan tsabta da ƙwayoyin cuta, yara suka tuntsire da dariya, suka riƙa kiran yaron biri. Sai daga baya ya ji cewa kwana biyu ba a ɗora tukunya a gidansu yaron ba, abin da aka zubar ɗin shi ne kalacinsa na safe da na rana. Yaron bai ƙare shekarar a lakwal ba. Mushe ya ci gaba da aikinsa, ya samu ƙarin girma, ya zama darakta, amma duk ranar da ya wuce ƙarƙashin ɓaure sai ya ƙara sauri. Mai yiwuwa ne rabin ƙiyayyar da yake yi wa itacen kunya ce ta sake kama.

Tsufa ya zo masa da baƙi biyu, hawan jini da ɗaurewar ciki. Kwanaki kaɗan bayan maganar sara, ɗiyarsa ta fari ta zo ƙarasa azumi gida. Ma'aikaciyar jinya ce a Yamai, kuma ta fara aiki ne a cibiyoyin kula da yara masu tamowa na Maraɗi lokacin ƙamfar cimakar 2005. Cikin tsarabarta akwai wani ƙunshi mai sheƙi da ya fito daga Turkiyya, cike da busassun ƴaƴan itace, wanda kuɗinsa ya fi na tiya huɗu ta hatsi. Ta ce ya riƙa cin uku a buɗa baki, ya bi da ruwa. Da aka kira salla ya ɗauki ɗaya ya tsaga da farce. Ƙananan iri suka bayyana cikin jar tsoka mai danƙo, wani ƙamshi ya buge shi wanda rabonsa da shi tun tukunyar kakarsa.

« Uwata, » in ji shi, « mene ne sunan wannan da Hausa? »

« Ɓaure ne mana, Baba. Na Larabawa da Turawa. Ɗan'uwan wanda Baba Ƙarami zai sare. »

A daren bai yi barci sosai ba. Da gari ya waye ya nemi sabon kaye, ya ce wa ɗiyar ta samo masa duk abin da masana suka auna game da wannan ɗan itace, ya zauna yana kwafewa kamar mai shirin darasin gobe. Abu na farko da ya rubuta shi ne zumunta. Tin, wanda masana tsirrai ke kira Ficus carica, da ɓauren garka, Ficus sycomorus, ƴan gida ɗaya ne, kuma gidan babba ne, ya ƙunshi iri fiye da 750, cikinsu har da gamji da ceɗiya da durumi. Tin na cikin itatuwan farko da ɗan Adam ya fara renon su: a 2006 masu tonon tarihi suka ba da labarin ƙonannun ƴaƴansa da aka samu a Gilgal, cikin kwarin kogin Urdun, waɗanda suka haura shekara 11,000. Turkiyya ce kan gaba wajen nomansa, Masar da Aljeriya da Maroko na cikin masu bi mata. Abin da ya fi ba Mushe mamaki shi ne, ɓauren da ya raina ɗin shi kansa yana da sarauta a tarihi, don Misirawan zamanin Fir'auna sun shuka shi, sun ci ƴaƴansa, sun sassaƙa akwatunan gawa da katakonsa.

Sa'an nan ya shiga alƙaluma. A giram 100 na busasshen tin, wato kamar ƙwaya 12 ƙanana, akwai kalori kusan 250, da sukari giram 48, da zaren abinci kusan giram 10, da kalsiyom miligiram 160, da fotasiyom miligiram 680, da maganiziyom miligiram 68, da sinadarin ƙarfe miligiram 2. Ɗanyensa kuwa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, don haka kalorinsa 74 ne kawai, zarensa giram 3, kalsiyom miligiram 35. Shanya ba ta ƙara masa komi, ruwan ne ke tafiya, abin da ya rage ya dunƙule wuri guda, mai amfanin da sukarin baki ɗaya.

Ɗiyar ta warware masa ma'anar kowane layi. Zaren abinci shi ne ɓangaren da hanji ba ya narkarwa, irin dusar hatsi ko ɓawon wake. Yana riƙe ruwa, yana ƙara wa bayan gida auki da laushi, ya sa ya fita ba tare da yunƙurin da ke tayar da basir ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce baligi na bukatar aƙalla giram 25 a yini, mutumin da ya koma ga farar shinkafa da burodi da taliya kuwa da wuya ya kai rabin haka. A 2016 an yi wani gwaji a Koriya ta Kudu, aka ba masu ɗaurewar ciki markaɗaɗɗen tin har mako takwas, aka ga abinci ya fi saurin ratsa hanjinsu. Mushe ya ajiye alƙalami ya ce ashe tsohuwa ta riga su, har da sharaɗin shan ruwa, don zare ba tare da ruwa ba ƙara cushewa yake yi. Fotasiyom kuma yana taimaka wa ƙoda wajen fitar da gishiri, yana sassauta jijiyoyin jini, shi ya sa ake son mai hawan jini ya yawaita ƴaƴan itace da ganye, ya rage gishiri da dunƙulen miya. Kalsiyom shi ne tubalin ƙashi da haƙori. In aka auna giram da giram, busasshen tin ya fi madarar shanu kalsiyom, tun da ita tana da kusan miligiram 120, sai dai mutum na shanye ƙwaryar nono a zama guda, amma ba ya cin tin da yawan haka.

A nan ne ɗiyar ta taka masa birki, don ta ga ya fara zumuɗi irin na sabon shiga. Ta ce abinci ne, ba laya ba. Ƙwaya uku ko huɗu na ɗauke da sukarin da ya kai ƙwayar sukari uku ta shayi. Ta tuna masa da amininsa mai ciwon sukari, wanda ya ji wani mai tallar magani da lasifika a tashar mota yana cewa ɗan itacen da aka ambata a Alƙur'ani ba ya cutarwa, ya riƙa cinsa hannu-hannu har ya ajiye ƙwayoyinsa, daga ƙarshe aka kwashe shi zuwa likita. Darajar da Littafi ya ba tin ba ta cire masa sukari ba. Mai ciwon sukari zai iya cin ɗaya ko biyu tare da abinci, da sanin mai duba shi. Mai ciwon ƙoda mai tsanani kuwa, fotasiyom ɗin da ke amfanin wani shi ke iya cutar da shi. Ƙarfen da ke cikinsa irin na tsirrai ne, jiki ba ya ɗaukarsa da sauƙi kamar na nama da hanta, lemun tsami ko gwaba na taimaka masa, shayi mai kauri bayan abinci na hana shi shiga. Bitamin C ɗinsa kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da gwaba, wadda ke da fiye da miligiram 200 a giram 100. Busasshen da ya yi funfuna a zubar da shi, don yana iya ɗaukar dafin nan na aflatoksin da ke kama gyaɗa, mai lahanta hanta. Maganin hawan jini kuma, ta ce tana dubansa ido cikin ido, ba a ajiye shi saboda wani ɗan itace, ko na wace ƙasa ne.

Mushe malami ne, ya san ba a kwafe makin wani yaro a ba ɗan'uwansa. Alƙaluman da ya rubuta na tin ne, ɓauren garka bai kai shi tsoka da zaƙi ba, iri da ɓawo sun fi yawa a cikinsa. Amma halin gida ba ya ɓuya. A 1998 wasu masana suka wallafa a mujallar Nature sakamakon awon da suka yi wa ƴaƴan itatuwan daji a Yuganda da Indonesiya da Beliz, suka tarar dangin ɓaure sun ninka sauran ƴaƴan itace kusan sau uku wajen kalsiyom. Wata ƙididdiga ta 2001 ta nuna cewa tsuntsaye da dabbobi fiye da iri 1,200 ne ke cin ƴaƴan wannan dangi a duniya. Ashe da ya ce abincin birai da jemagu ne bai yi ƙarya ba, fassarar ce ya kuskure: dabba ba ta tururuwa inda babu amfani. Ga kuma wata falala da tin ɗin kanti ba shi da ita. Saiwar ɓaure na kai wa ruwan ƙasa, don haka yakan yi ƴaƴa fiye da sau ɗaya a shekara, har a lokacin da gona ta bushe. Yaron 1984 ya san wannan, malaminsa ne bai sani ba.

Saura maganar ƙwari, wadda ita ce tushen ƙyamar. Wata safiya ya ɗauki gilashin ƙara girman abu da ya rage masa daga kayan aji, ya tafi garka, ya yi abin da kakarsa ta hana. Abin da ake kira ɗan ɓaure, a haƙiƙa jaka ce da ɗaruruwan ƙananan furanni suka jeru a cikinta, shi ya sa ba wanda ya taɓa ganin ɓaure ya yi fure. Tun da furen a rufe yake, iska da ƙudan zuma ba su kai gare shi. Wani ɗan ƙwaro ne dangin zanzaro, wanda tsawonsa bai fi milimita 2 ba, ke yin barbarar. Macen takan kutsa ta ƴar ƙofar da ke saman ɗan itacen, fukafukanta su karye a hanya, ta shafa wa furanni garin da ta ɗauko daga wani ɓauren, ta yi ƙwai a wasu, ta mutu a ciki. In ƴaƴanta sun ƙyanƙyashe, mazan da ba su da fiffike su huda ƙofar fita, matan su kwashi garin fure su tashi neman wani itacen, da ran da bai wuce yini ɗaya ko biyu ba. Ƙwaron nan ba ya harbi, ba ya ɗauke da cuta, kuma in ba shi babu iri. Abin gudu shi ne wanda ya faɗo ya kwana a ƙasa, ƙuda da tururuwa suka shige shi. Wannan kuwa maganinsa tonon ne: a wanke, a tsaga, a duba, a kakkaɓe, a ci.

Akwai wani labari da ya sa Mushe ya daɗe tsaye yana kallon rassan. A 2009 masu bincike suka nuna cewa a hamadar Namibiya ƙwaron nan, iska na tura shi da dare, ya kai garin fure tsakanin ɓaure biyu masu nisan kilomita 160. Watau ɓauren garkarsu ba shi kaɗai yake ba. Yana iya zama yana musayar baƙi da na fadamun Magarya, ko da na ƙetaren iyaka, wajen garin nan na ƙasar Daura da sunansa ma Ɓaure. Tun da ƙwaron ba ya jimawa a duniya, tilas a kowane lokaci a samu wani itace a wani wuri da ke shirye ya karɓe shi. Duk wanda aka sare, zango ne ya ɓace a hanyar.

Ranar da ƙanen ya zo da labarin cewa masassaƙi na jiran amsa, Mushe ya shimfiɗa masa tabarma, ya karanta masa kayen daga farko har ƙarshe. Ƙanen ya saurara da ladabi, sa'an nan ya ce: « Yaya, duk na ji. Amma miligiram ba ya biyan kuɗin taki. » Mushe bai musa ba, don ya san gaskiya ce, kuma ya san wanda ke zaune a inuwa da fanshonsa bai kamata ya yi wa mai ban ruwa wa'azin itace kyauta ba. Ya ce: « To, ka ɗauki fangulan yamma da ke cikin rabona, ka bar mini kusurwar gabas da ɓaurenta. » Ƙanen ya yi dariya ya ce: « Inuwa za ka ci, Yaya? » Daga ƙarshe suka shirya a kan haka, suka kuma rage rassan da suka miƙa bisa albasa, irin gyaran da manoman Maraɗi da Damagaram suka saba yi tun da sassaben zamani ya yaɗu daga shekarun 1980, wanda ya mayar da itatuwa kusan miliyan 200 cikin gonaki. Har yau ƙanen na ganin an yi asarar ƙasa, matarsa kuwa ta fara shanya ɓaure bisa rufin ɗaki, ta ce don jikoki.

Abin da ya dami Mushe ya wuce itace guda. OMS ta ce kowane baligi ya ci aƙalla giram 400 na ƴaƴan itace da ganyaye a yini. In aka fassara wannan da tufa da inabi da tin ɗin kanti, an gaya wa talaka ke nan cewa lafiya ba tasa ba ce. In kuwa aka fassara shi da magarya da kanya da ɗinya da goriba da aduwa da ƴaƴan kuka da ɓaure, da zogale da rama da yakuwa, sai a tarar rabin maganar na bayan gari. Shekara 38 ya yi yana koyar da rukunonin abinci da hotunan da aka zana a wata nahiya, yana fitar da yaran da suka san sunan abin da ba su taɓa ci ba, suna jin kunyar abin da ya raya iyayensu. Ya aika tambaya ƙauyen bakin gulbin ko za a samu labarin yaron nan, aka ce danginsa sun tashi tun shekarar farin, ba su komo ba. Bashin da ba a iya biyan mai shi, sai a biya a kan wasu.

Da aka koma karatu a watan Oktoba, ya roƙi daraktan lakwal ɗin garin, wanda tsohon ɗalibinsa ne, ya ba shi aron aji guda na safiya ɗaya. Da ɓauren ya sake nuna, aka kawo yara arba'in da ƴan kai, suka zauna a gindinsa. Kowa ya wanke ƙwayarsa a bokiti, ya tsaga, gilashin na zagayawa hannu zuwa hannu, ana ihu in an ga ƙwaro. Ya faɗa musu abin da ke ciki da abin da babu, ya faɗa musu wanda ya kamata ya ci da yawa da wanda ya kamata ya taƙaita. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: « Mushe, da Faransanci yaya ake ce masa? » Ya karɓi allonta, ya rubuta kalmomin nan uku a layi ɗaya, ɓaure a farko. Da rana ta take yaran suka tashi, aljihunansu sun kumbura, wasu har da hula. Mushe ya tsaya a ƙofar shinge yana kallonsu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, bai ce wa kowa ya zazzage ba.